Kwalaben Jini Uku

Litinin, 29 ga Yuni, 2015. Bayan la'asar.

A asibiti nake wannan rubutu, a kan gwiwata, cikin littafin da na saya don shirya darasin 'yan aji huɗu. Su'ad ta samu barci. Shekararta uku da wata biyu, amma a kan gadon nan ta ƙanƙance kamar an rage ta.

Ruwan ranar Asabar ne ya jawo. Ina kicin ina haɗa kayan shan ruwa, ta sulale tsakar gida tana rawa a ƙarƙashin indararo. Har na ɗan tsaya ina sauraren dariyarta kafin in ɗauko ta. Washegari ta tashi ba ta iya taka ƙafa. Hannuwanta sun kumbura, farin idonta ya koma rawaya. Ta ce, "Umma, ƙashina yana cizo na."

Likitar yara sunanta Dakta Chizaram. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Gombe aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yan unguwar Jekadafari. Ɗazu ta kira mu, ni da mijina Aƙilu, ta ce, "Maman Su'ad, sikila ce. Gwajin ya nuna SS."

Aƙilu ya yi dariya. "Dakta, a dai sake dubawa. Mun yi gwaji kafin aure. Ita AS, ni AA. Takardun suna gida."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce to za a sake, har da mu biyun.

Laraba, 1 ga Yuli. Hantsi.

An sake. Ni AS. Shi AA. Su'ad SS.

Kowa ya san lissafin, a rediyo ma ana yi: yaro harafi ɗaya yake ɗauka wurin uwa, ɗaya wurin uba. Ɗayan S ɗin nawa ne. Ɗayan kuwa.

Aƙilu ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Dakta, mai AA da mai AS suna haifar SS?"

Ta cire tabarau. "A yadda aka saba koyarwa, a'a. Amma zauna, Malam Aƙilu, akwai bayani."

Bai zauna ba. Ya ce ya makara ofis. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya fita. Bai leƙa ɗakin yara ba.

Alhamis, 2 ga Yuli. Azahar.

Bai zo ba.

Juma'a, 3 ga Yuli. Bayan azahar.

Ya aiko da kunu da ƙosai ta hannun maƙwabciyarmu. Shi bai zo ba.

Barci ya ɗauke ni a kan kujera, fanka tana juyawa a hankali. Na yi mafarkin garken jajayen shanu irin na kakana, suna so su wuce ta wata siririyar ƙofa. Wasu suna wucewa sumul. Wasu ƙahonsu ya lanƙwashe, sai su maƙale, na baya su taru a kansu. Ba kuka, ba hayaniya. Ina tsaye da ƙwarya a hannu, na manta abin da na zo ɗiba.

Na farka Su'ad tana jan mayafina, wai ruwa.

Litinin, 6 ga Yuli. La'asar.

An sallame mu. Daga asibiti zuwa unguwarmu ta Malam Inna shinge uku muka wuce. A na biyu soja ya ce duk mu sauka daga keke, in ɗaga hijabi ya ga abin da na rungume. Na ɗaga. Ya ga Su'ad da auduga a hannu, ya kau da kai ya ce, "Sorry madam, ku tafi."

Na tarar Aƙilu ya kwashe filo da bargonsa zuwa falo. Wai zafi.

Ana ruwa kusan kullum.

Talata, 7 ga Yuli. Magariba ta kusa.

Sunan Su'ad na yanka Fanta, sunan mahaifiyarsa. Shi ya sa tun tana cikin tsumma yake kiranta Dadata, don Dada yake ce wa mahaifiyar tasa. Yau ta ja ƙafa ta je ta jingina da gwiwarsa yana duba waya. Ya ce, "Ke, je wurin uwarki."

Ba da tsawa ba. Da ma da tsawa ne.

A masallaci yake shan ruwa yanzu. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce komai ba. Shekara biyar muna tare, ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba.

Alhamis, 9 ga Yuli. Hantsi.

Mun koma ganin likita. Dakta Chizaram ta ba Su'ad biro da takarda, ni kuma ta ja ni ɗakin gwaji ta ce in sa ido a madubin nan mai ƙara girman abu.

Ban taɓa ganin jini haka ba. Fili ne mai haske, ruwan hoda, cike da abubuwa kamar faya-fayai. Tsakaninsu ga wasu sirara masu lanƙwasa kamar jinjirin wata. Da yawa. Na ce a raina, ashe 'yata da watanni take yawo a jikinta. Sai da ta taɓa kafaɗata na ɗago.

Ta ce, "Waɗannan masu lanƙwasar su ne suke toshe hanya, sai ciwo ya tashi. Amma dubi sauran. Kin ga sun yi ƙanana? Na mai SS zalla ba su cika yin haka ba."

Na ce ban gane ba.

"Akwai wani gado a jini, ana ce masa talasimiya. Mai ɗauke da shi lafiyarsa lau, sai dai ɗan ƙarancin jini. Gwajin nan namu na kullum ba ya ganin sa, sai ya rubuta wa mutum AA. Alhali ɗayan A ɗin suna ne kawai, ba ya aiki. In yaro ya ɗauki wannan wurin uba, ya ɗauki S wurin uwa, to S ɗin kaɗai ke magana a jikinsa. Gwaji sai ya ce SS."

Na riƙe bakin tebur.

"Ban ce shi ne ba," in ji ta. "Na ce yana yiwuwa. Injin da ke ganewa babu shi a nan, sai Abuja. Ina bukatar jininku ku uku."

Ban tambaye ta ko ta yarda da ni ba. Ita ma ba ta tambaye ni komai ba. Wayarta ta yi ta ƙara a aljihu, ta ce yayarta ce daga Nnewi, kullum sai ta kira wai su tattara su dawo gida. "Na ce mata ina ne gida? Kabarin babana yana nan."

Juma'a, 10 ga Yuli. Safe.

Na faɗa masa yana ɗaura agogo. Ya saurara har ƙarshe.

"Sau uku ana gwada ni, Jamilatu. Uku."

"Wannan daban ne, Abban Su'ad."

"Kowa da irin bayanin da yake nema," ya ce, ya ɗauki makullin mashin.

Da Jamila yake ce min.

Lahadi, 12 ga Yuli. Hantsi.

Kwana huɗu ke nan azumi yana karye min da amai. Na ɗora wa gajiya. Yau na aika aka sayo min abin gwajin ciki a kemis.

Layi biyu.

Na zauna a bakin rijiya har rana ta bar bango. Wa zan faɗa wa? A gidan nan, a makon nan?

Talata, 14 ga Yuli. Bayan azahar.

Su'ad ta ce takalmin Sallah take so mai wuta in an taka. Na ce jibi za mu Babbar Kasuwa.

Magani safe da yamma. Ruwa, ruwa, ruwa, likita ta ce kada ta yi ƙishi. Safa a ƙafa ko da rana. Ina bin ta da kofi daga ɗaki zuwa ɗaki, har ta sa min suna Mai Ruwa.

Hadari ya haɗu ta gabas, ya tsaya cak, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa.

Juma'a, 17 ga Yuli. Safiyar Sallah.

Ba mu je kasuwa jiya ba. Jikin Su'ad ya ɗan yi zafi da rana, na ce a bari.

Bayan la'asar ina tankaɗe, gilashin taga ya girgiza. Tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Ban gama miƙewa ba na ji ƙarar bam na biyu. Daga nan sai jiniya. Na kira Aƙilu ya fi sau ashirin, layi ba ya shiga.

Ba zan rubuta abin da mutane ke faɗa game da kasuwar ba. Ba zan rubuta adadi ba.

Ya shigo bayan an sha ruwa, rigarsa duk ƙasa. Ya zauna a dakalin kicin, inda rabonsa da zama tun kafin azumi ya raba. Na miƙa masa ruwa, ya shanye, ya fara magana yana kallon ƙasa.

Ya ce sun ji ana neman masu ba da jini, suka tafi asibiti shi da abokan aikinsa. Layi har bakin titi. Da aka zo kansa aka soki yatsarsa, aka duba, aka ce jininsa bai kai a ɗiba ba. Ya ce ai azumi ne. Ma'aikacin ya ce kowa a layin nan azumi yake.

"Ina juyowa sai ga likitar nan. Rigarta ba kyan gani. Ashe mijinta yana cikin waɗanda aka kawo, Godswill, shagonsa yana ta wajen. Yana kwance a baranda kunnensa ba ya ji, ita kuma tana ɗinke ɗan wani. Ta gan ni ta ce, Malam Aƙilu, me suka ce maka? Na faɗa mata. Ta ce tun yaushe ake ce maka jininka kaɗan ne? Na ce tun ina makarantar kwana."

Ya miƙo min kofin.

"Ta ce in zo Litinin."

"Za ka je?"

"Matar da mijinta ke kwance a ƙasa ta tuna da zancen. Zan je."

Yau ba wanda ya sa sabon kaya a layinmu. Su'ad ta sa tsohon takalminta ba ta yi ƙorafi ba.

Asabar, 18 ga Yuli. La'asar.

Dada ta zo daga Kwadon, mahaifiyar Aƙilu, da buhun albasa da fura a ƙwarya. Awa uku a hanyar da ba ta kai rabin awa ba, saboda shingaye. Daga yadda ta amsa gaisuwata na gane ya faɗa mata. Na ji kamar ƙasa ta tsage.

Ta ɗauki takwararta ta ɗora a cinya, ta cire mata safa, ta daɗe tana murza 'yan yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Aƙilu yana bakin ƙofa.

Ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Ni ban san haruffan nan naku ba. A da ba. Na dai san ƙanwar ubanka ta binne uku, duk da ciwon ƙashi, duk idonsu rawaya. Amosani muke cewa. Ba wanda ya tambaye ta daga ina ta samo."

Aƙilu ya ce, "Dada, ai ban ce..."

"Ba ka ce ba. Na ji ba ka ce ba."

Da za ta tafi na raka ta bakin titi. Ta dubi fuskata, ta dubi wuyana, ta ce, "Ki riƙa cin abinci, 'yata." Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara ba.

Litinin, 20 ga Yuli. Azahar.

Kwalabe uku, ƙanana, masu murfi shuɗi-shuɗi. Dakta ta rubuta sunayenmu da hannunta. Na Su'ad aka fara ɗiba, ta yi kuka, ni na riƙe ta. Aƙilu ya kalli bango.

A jere a kan tire ba ka iya bambanta su. Ja ɗaya ne.

Dakta ta rame cikin kwana huɗu. Kunnen mijinta ɗaya ya mutu, ɗayan ana so a duba a Abuja. Ta ce da kanta za ta tafi da kwalaben a cikin kula mai ƙanƙara, tare da shi da yaransu biyu. Gobe ko jibi, ya danganta da sallamarsa. Motar haya za su shiga, don ba mai tuƙa tasu.

Na ce, "Za ki dawo?"

Ta gyara murfin kular. "Ki ci gaba da ba ta ruwa."

Alhamis, 23 ga Yuli. Asuba ta wuce.

Jiya da yamma bam ya tashi a tashar mota. Tashoshi biyu.

Gobe ko jibi, Dakta ta ce. Jibin jiya ne.

Wayarta a kashe.

Alhamis. Bayan azahar.

A kashe.

Allah ya gani, da farko kwalaben na tuna kafin in tuna da ita da 'ya'yanta. Na yi ta istigfari.

Juma'a, 24 ga Yuli. Hantsi.

Saƙo ya shigo: "Mun iso tun Talata. Wayata ce ta faɗi a hanya. Kayanku suna wurin. Sai mako mai zuwa."

Na karanta sau bakwai. Na kai wa Aƙilu a falo. Ya karanta ya ce, "Alhamdu lillahi," ya miƙo min wayar ba tare da yatsunmu sun haɗu ba.

Lahadi, 26 ga Yuli. Bayan azahar.

Ruwa tun safe, siriri, mara iska. Na kwanta kusa da Su'ad ina jin sa a kan kwano. Tsakanin barci da ido biyu na ga mata a jere a bakin wani kogi, kakata, da tata kakar, da wasu da ban sani ba masu zanen saƙi. Kowacce tana miƙa wa ta gabanta wani abu a dunƙule cikin hannu, ba ta buɗe ta duba ba. A ɗaya gaɓar ma wasu ne a jere, dangin da ban taɓa gani ba, su ma suna miƙawa. Layukan biyu suna tafiya suna matsowa kusa. Na san a ina za su haɗu. Na so in ce su tsaya, sai na ga ba mugunta a fuskarsu. Abin da aka ba su ne suke bayarwa.

Talata, 28 ga Yuli. La'asar.

Ciwon ya ɗan taso wa Su'ad a gwiwa. Na dafa ruwa ina gasa mata da tawul. Ta ce, "Abba ya zo ya yi min."

Yana jin ta. Ya zo har bakin ƙofa ya tsaya, hannunsa a kan labule. Na ga yana so. Na ga kuma abin da ya riƙe shi. Ya tsaya har ruwan ya huce, sannan ya ce bari ya sayo mata lemo.

Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba, tsayuwar ko lemon.

Laraba, 29 ga Yuli. Safe.

Shiru, ba labari daga Abuja.

Juma'a, 31 ga Yuli. Bayan an sauko daga masallaci.

Dakta ta kira. Ta ce in sa a lasifika in yana kusa. Yana kusa, ko hularsa bai cire ba.

"Malam Aƙilu, kana ji na? Kana ɗauke da talasimiya. Injin ya nuna ƙarara. Maman Su'ad AS ce kamar yadda aka sani. Su'ad ta ɗauki S wurin uwarta, ta ɗauki naka wurinka. Shi ne ciwonta. Zan turo takardar."



"Ba laifinka ba ne," ta ce. "Ba ka sani ba, gwajin bai nuna maka ba. Kulawar duk ɗaya ce, maganinta ba zai canza ba. Amma 'yan uwanka su je a duba su kafin su yi aure, su faɗi sunan abin da ake nema. Kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji." Muryar ba tasa ba ce.

Ya fita bayan gida. Na ji ya kunna famfo. Ruwan ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, ba ƙarar buta ba ta bokiti.

Na ɗauka zan yi guɗa ranar nan. Na zauna ne kawai ina ninke kayan Su'ad da na riga na ninke.

Asabar, 1 ga Agusta. Hantsi.

Ya durƙusa a gabana a kicin. Namiji mai shekara talatin da takwas.

"Jamila, ki yafe min."

"Me ka yi?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Ba ka taɓa faɗa ba. Wata guda ina jira ka faɗa in samu abin da zan amsa."

Sai ya faɗa. Kalmar da ban rubuta a littafin nan ba, ba kuma zan rubuta ba. Da ta fito ƙarama ce, mummuna, ta faɗi tsakaninmu a kan siminti.

Na ce na ji. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce ko nawa ne.

Da la'asar ya goya Su'ad a kafaɗa suka zaga layi. Ita ba ta riƙe komai ba. Tana ta ba shi labarin allura.

Litinin, 3 ga Agusta. Bayan azahar.

Na kira Dakta ni kaɗai. Godswill ya fara ji da kunne ɗaya in an ɗaga murya. Daga Abuja Nnewi za su wuce. Ta ce sai abin da hali ya yi. Ta ba ni sunan likitan da zan riƙa kai Su'ad wurinsa.

Sannan na faɗa mata zancen cikin. Wata biyu da wani abu.

Ta ce, "Maman Su'ad, zan faɗa miki gaskiya. Tunda ku biyun kuna ɗauke da abu, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa da ciwon. Uku cikin huɗu kuma ba zai zo da shi ba. Ba a bin layi, wai don na farko ya samu na biyu ya tsira. Kowanne da nasa rabon. In an haihu a gwada da wuri, kada a jira sai ƙafa ta kumbura."

Ashe takardar da ta wanke ni ita ce ta kawo wannan. Da shi AA ne na gaskiya, da wannan na cikin ba abin da zai same shi.

Na ɗora hannu a mara. Ba abin da ake ji tukuna.

Talata, 4 ga Agusta. Safe.

Yana shan shayi zai fita ofis na faɗa masa. Duka na faɗa, har da ɗaya cikin huɗun.

Ya ajiye kofin a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ko da me ya zo, Jamila, nawa ne. Wallahi nawa ne."

Na ce, "Na san naka ne, Abban Su'ad. Ni ban taɓa tantama ba."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauki kofin na ƙara masa shayi, don ya huce.

Bai je ofis ba. Ranar Alhamis za mu fara zuwa awo, ya ce shi zai kai ni.